Gurbin da Mas'uda Ta Ba Ƙanwarta

A unguwar Ruwais ta Jidda, ba nisa da bakin teku, aka haifi Mas'uda da ƙanwarta Bara'atu. Mahaifinsu, Malam Abdelkader, mutumin Damagaram ne. Ya zo aikin hajji yana saurayi bai koma ba, ya samu kafili mai tsaya masa, ya samu iƙama, wato takardar zama, ya yi ta sayar da yadi a wani ɗan shago a Bab Makka har ƙarfinsa ya ƙare. Mahaifiyarsu, Inna Zeinabou, taggaga ce, wato cikin matan nan da ake ɗauka su yi kiɗa da waƙa a ɓangaren mata in ana biki. Takan buga tar, wato bandiri irin na mutanen Hijaz, amma in bikin na 'yan gida ne sai ta kifa ƙwarya a bahon ruwa ta tuna wa tsofaffi garinsu.

Mas'uda ce ta gaje ta, har ma ta wuce ta. Tun ba ta iya ɗaura zane ba take rawa. Doguwa ce, mai dogon wuya, kuma tana da wata girgizar kafaɗa da ita ta ƙirƙiro abarta: sai ta tsaya cik, ƙafa ba motsi, kafaɗun kawai ke tafiya, can sai ta yi wani juyi farat ɗaya ta durƙusa a gaban amarya. Duk zauren sai ya kaure da guɗa. Matan Jidda masu hali sun san sunanta tun tana budurwa, har in za a ɗauki Inna Zeinabou sai an tambaya, “Da Mas'uda za ki zo ko?”

Bara'atu kuwa ba wanda yake tambayarta. Gajera ce, kakkaura, tafiyarta ma da nauyi. In ta shiga fili sai ta yi ta dukan ƙasa da ƙafa kamar mai kashe kunama, yayarta ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Aikinta a wurin biki shi ne tafi da riƙe mayafan makaɗa.

Wata shekara, gab da hutun zafi, wata matar attajiri da ake kira Madam Hind ta aiko mota aka kai mata Inna Zeinabou da Mas'uda. Suna da gida a Isbaniya inda sukan je su sha iska, tana son wadda za ta riƙa taya 'yarta Wejdan zama, kuma Mas'uda take so, don ta ga yarinyar na da fara'a da tsabta. Inna Zeinabou ta ce za su yi shawara.

Tun a mota Mas'uda ta yanke tata. Lokacin bukukuwa ne, ga kuma maganar aurenta da Abduljalil, wani direban babbar mota, ta yi nisa.

“Inna, ni zan bar fili in je in riƙe wa 'yar wani jaka?” in ji ta. “Ga Bara nan, ba abin da take tsinanawa a gida. Ki ba su ita.”

Haka aka yi. Mas'uda da hannunta ta shirya wa ƙanwarta akwati, har ta ba ta tsohuwar abayarta, tana tausayinta a zuci.

Labarin abin da ya faru a can kaɗan-kaɗan ya riƙa isowa Ruwais ta waya. An sa Wejdan a wata makarantar rawa don ta rage zaman banza. Filamenko ake kiran rawar, ana yin ta da takalma masu ƙusoshi a dunduniya da baki, a kan daɓen katako, ana kaɗa gita ana tafi. Bara'atu takan zauna a benci da jakar Wejdan tana jiran a tashi. Ba ta san tana tafi a hankali tana bin kiɗan ba, sai da tsohuwar da ke koyarwa ta tsayar da aji ta nuna ta da sanda, ta ce a taso da ita. Wejdan ta gaji da rawar tun kafin hutu ya ƙare. Bara'atu ba ta gaji ba.

Da aka ba Mas'uda labarin, dariya ta yi. “To, an samu ƙasar da ake son dukan ƙasa da ƙafa,” ta ce. “Allah ya ba da sa'a.”

Bayan shekaru kaɗan Wejdan ta samu jami'a a Ishbiliya, can Isbaniya, aka sake haɗa ta da Bara'atu don ta riƙa yi mata girki da wanki. Da safe aikin gida, da yamma makarantar rawa. Da Wejdan ta gama karatu ta dawo Jidda, ita kaɗai ta sauko daga jirgi. Bara'atu ta zauna a can. Ta yi wanke-wanke a gidan abinci, ta yi rainon tsofaffi, ta samu shiga wata ƙungiya da ke yi wa baƙi masu yawon buɗe ido wasa. A layin baya ta fara, sannu a hankali aka matso da ita gaba.

A lokacin Inna Zeinabou ta ajiye tar, Mas'uda ce ke jan ƙungiyar. Ta auri Abduljalil, sun koma unguwar Kurayyat a nan Jidda, ta haifi Musbahu da Tahani. Wata rana da la'asar suna cikin mota za su wurin biki, Zubaidatu, babbar makaɗiyarta kuma ƙawarta tun yarinta, ta miƙo mata waya.

“Dubi 'yar'uwarki, wallahi ban gane ta ba.”

Mas'uda ta karɓa tana shirin yin dariya. Dariyar ba ta fito ba. Wata mace ce a tsaye ita kaɗai a kan dandali, cikin jar riga mai dogon bindi, kai a sama, hannu a murɗe kamar reshen kurna. Ƙafafunta na zuba a kan katako kamar ƙanƙara a kan kwano, amma daga ƙugu zuwa sama ko gezau. Da ta buga na ƙarshe ta tsaya, sai mutane cike da zaure suka miƙe tsaye. Mas'uda ta yi shekaru tana rawa, an yi mata guɗa, an yafa mata mayafi, amma ba a taɓa miƙe mata tsaye ba. A wurin biki amarya ake zuwa gani.

Ta mayar da wayar. “A gaban maza,” ta ce. “Wuya a waje, hannu a waje. Mu dai rawarmu tsakanin mata take.”

Wannan maganar ta riƙe, ta yi ta maimaita ta shekara da shekaru, a gidan suna, a gidan gaisuwa, a layin asibiti. Ba ƙarya take ba, abin ya dami dattawan unguwa, ya dami Malam Abdelkader ma. Amma in ta koma gida ta rufe ƙofar ɗaki, sai ta nemo hoton bidiyon nan ta yi ta kallo, tana neman inda ƙafar ta kuskure. Ba ta taɓa samu ba. Abin da ke cin ta a rai guda ne: ita aka nema, ita aka aiko wa mota. Da bakinta ta ce a ba su Bara.

Da Malam Abdelkader ya rasu, Bara'atu ba ta zo ba. Iƙamarta ta Saudiyya ta daɗe da mutuwa, takardunta na can kuma ba su kammala ba, in ta fito ba ta da hanyar komawa. Ta yi ta kuka a waya. Mas'uda ta saurare ta, sannan ta fito tsakar gida ta gaya wa masu gaisuwa cewa Bara na da wasa a makon, shi ya sa.

Bayan nan aka ji gwiwar Bara'atu ta lalace, an yi mata aiki, likita ya ce ta daina rawa mai ƙarfi. Mas'uda na yanka albasa Abduljalil ya kawo mata labarin. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, irin na wanda ya sauke kaya. Ta ji kunyar kanta, ta yi istigfari, har ta yi sadaka da niyyar Allah ya ba ƙanwarta lafiya. Amma sanyin ta riga ta ji shi, kuma ta san ta ji.

Gwiwar ba ta kawo ƙarshen Bara'atu ba. Ta koma tsara wa wasu rawa: ita ke cewa wa zai shigo ta ina, a taka yaya, a tsaya a ina. Nan ma ta yi suna daidai gwargwado. Ana cikin haka al'amura suka sauya a Saudiyya, aka fara buɗe wuraren wasanni da na motsa jikin mata. Wejdan, wadda yanzu ta zama uwar 'ya'ya mai harkokinta, ta kira tsohuwar mai riƙe mata jaka ta ce ta dawo su buɗe makarantar rawa ta mata a arewacin Jidda. Ta yi mata takardu, Bara'atu ta dawo.

Ranar da ta zo Kurayyat, gidan ya cika. Ta rame, ta yi furfura a goshi, tana ɗan ɗingishi, Hausarta ta cakuɗe da Larabci da wani yare na uku. Ta faɗa jikin Inna Zeinabou suka yi ta kuka. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna taya Mas'uda zagin rawar gaban maza, su ne suka riƙa turo 'ya'yansu a ɗauke su hoto da ita. Mas'uda ta dafa shinkafar kabsa, ta yi ta kai da kawo da faranti, tana murmushi har kumatunta suka gaji.

Da mutane suka ragu, Bara'atu ta biyo ta kicin.

“Yaya, wurinki na zo,” ta ce. “Akwai wasan da nake son in shirya, na mata zalla. Ina son in haɗa filamenko da kiɗan Inna, da tar da ƙwarya da tafinmu na Ruwais. Duk shekarun nan abin na kaina. Ba zai yiwu ba sai da ke da mutanenki.”

“Mu 'yan bikin unguwa me muka sani?”

“Haba Yaya. A wurinki na fara ganin rawa.”

Maganar ta yi wa Mas'uda daɗi fiye da yadda ta so. Ta ce za ta duba. Abduljalil ya ce mata, “Maman Musbahu, 'yar'uwarki ce, kuma mata ne zalla. Ki je.” Ta je, da Zubaidatu da sauran makaɗanta.

Makarantar na hawa na biyu a wani gini mai gilashi. Daɓen katako, bango guda madubi ne tun daga sama har ƙasa, sanyin na'ura kamar a asibiti. 'Yan mata 'ya'yan masu hali suna ta shiga da fita, kowacce na cewa “Abla Bara'a” cikin ladabi, kamar yadda ake kiran malama a nan. Mas'uda ba ta taɓa ganin kanta tana rawa ba sai ranar. Ta ga ta yi jiki, ta ga hannunta na hagu ba ya kai na dama. Ta kau da kai daga madubin.

Kwanakin farko lafiya lau. Matsala ta fara da lissafin taku. A wurin biki Mas'uda ke jan kiɗa: in ta ga dama ta tsawaita, in ta ga dama ta yanke, makaɗa na bin ƙafarta. A nan kuwa komai a ƙirge yake, kowa da inda zai shigo. Rannan tana tsakiyar girgizar kafaɗarta, jikinta ya ɗauka, ta manta da kowa, sai ta ji tafi biyu masu ƙarfi. Kiɗa ya tsaya.

“Yaya, kin wuce,” in ji Bara'atu. “A na takwas za ki juya, don 'yan matan su shigo. Yalla, mu sake.”

Suka sake. Ta sake wucewa.

“Yaya, na takwas. Kalle ni.”

Bara'atu ta fito tsakiyar fili da gurguwar gwiwarta, ta tsaya cik, ta girgiza kafaɗa, ta juya daidai inda take so. 'Yan matan suka tafa mata. Wata ma ta ce, “Masha Allah, Abla.”

Mas'uda ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Rawarta ce, ita ta haife ta, yau ga wadda ke riƙe mata mayafi tana koya mata ita a gaban 'ya'yan mutane. Ta ɗauki abayarta ta zura.

“Halas,” ta ce wa makaɗanta. “Ku tashi mu tafi.”

Biyu suka tashi. Zubaidatu ta zauna da tar a cinya, kanta a ƙasa.

“Zubaida, ba ki ji ba ne?”

“Na ji, Mas'uda. Amma na ba da alkawari. Kuma ni ban taɓa yin kiɗa an sa sunana a takarda ba.”

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta sauka matakala ita kaɗai a gaba, ba ta ko jira lif ba.

An yi wasan ba da ita ba, a wani zaure kusa da teku, bayan magariba. Ta rantse ba za ta je ba, ta kuma je. Ta sa niƙabi ta zauna can baya kusa da ƙofa. Ta ga ƙwaryar Inna a kife a baho a ƙarƙashin fitilu, ta ji Zubaidatu ta buɗe da kiɗan da suka tashi da shi, takalman ƙusa suka amsa mata. Abin ya haɗu, ya yi kyau, duk yadda ta so ta ce bai yi ba. Can sai wata siririyar yarinya Balarabiya ta fito ta tsaya cik, kafaɗunta suka fara tafiya, ta juya, ta durƙusa. Zauren ya ɗauki sowa. Matar da ke kusa da Mas'uda ta dafa ta ta ce da Larabci, “Kin ga wannan? Daga Isbaniya ta zo da shi.”

Mas'uda ta tashi ta fita kafin a gama.

Washegari da hantsi Bara'atu ta zo gidan. Inna Zeinabou, da ta zo musu kwana biyu, na ɗaki tana jan carbi, su biyu suka tsaya a falo.

“An ce an gan ki jiya,” in ji Bara'atu. “Na kira sunanki a ƙarshe, na ce rawar yayata ce. Kin riga kin tafi.”

“Kin kyauta. Kin ɗauki abina kin ba 'yar wani, sannan kin kira sunana.”

“Na ce ki zo ki yi da kanki, Yaya, kika ƙi.”

“Gurbina kika tafi!” Muryar Mas'uda ta tashi har sai da carbin Inna ya tsaya. “Ni aka nema. Ni aka aiko wa mota. Da ni na je, wallahi da na fi ki.”

Bara'atu ta dube ta. “Wataƙila,” ta ce. “Kin fi ni jiki, kin fi ni kunne, ban taɓa musu ba. Amma tsohuwar nan ta yi shekara tana buga mini sanda a ƙafa tana cewa in sake. Ke sau biyu na ce ki sake.” Ta gyara tsayuwa saboda gwiwar. “Kuma ke kika rufe wa Baba ido. Ni ina wani ɗaki a ƙasar mutane ina kuka, aka ce kin ce ina da wasa.”

Mas'uda ba ta san maganar ta kai mata ba. Daga ɗaki Inna Zeinabou ta ce, “Kun ishe ni haka. Mas'uda, zuba wa 'yar'uwarki shayi.” Ta zuba. Suka sha ba mai kallon wani.

Ba a yi wani sulhu na zo-a-gani ba. Suna gaisawa, suna haɗuwa a wurin Inna ranar Juma'a, in ɗaya ba lafiya ɗayar na zuwa da abinci. Makarantar Bara'atu ta ci gaba, ana kiranta Riyad da wasu garuruwan ta tsara wasa. Harkar taggaga kuwa ta ja baya, yawancin amare yanzu na'ura suke so. Bukukuwan da Mas'uda ke samu, da yawa ta dalilin ƙanwarta suke zuwa. Uwar amarya sai ta kamo hannunta ta kai ta gaban baƙi ta ce, “Wannan yayar Abla Bara'a ce.” Mas'uda takan yi murmushi, ta shiga fili ta yi rawar da har yanzu ba wadda ta kai ta a Kurayyat, ta dawo gida ta kwana biyu ba ta da walwala. Ta yafe wa Zubaidatu, don ba ta da makaɗiya kamarta, amma ta daina gaya mata sirrinta.

Shekarar da ta wuce sai ga Tahani, 'yar autarta da ta gama sakandare, ta zo ta tsaya a bakin kicin. Tana jin Hausa sarai amma bakinta ya fi saurin Larabci.

“Ummi, ina son in shiga makarantar Khala Bara'a.”

“Ni ba na rawa ne?” in ji Mas'uda. “Uwarki ba ta iya ba sai kin haura arewacin gari?”

“Kin iya, Ummi. Amma waccan nake so.”

Mas'uda ta hana. Ta yi wata guda tana hanawa, yarinyar na kumbure-kumbure, Abduljalil na lallashi, Inna Zeinabou na aiko da saƙo. Daga ƙarshe ta ce su yi abin da suka ga dama, ita ba ruwanta.

Yanzu kullum da la'asar Tahani kan shimfiɗa wani guntun katako a falo ta sa takalman ƙusa ta yi ta bugu, har mutanen hawan ƙasa sun kawo ƙara sau da yawa. Mas'uda takan zauna a kujera tana tsince shinkafa, wai ba kallo take ba. Rannan dai ta kasa daurewa. Ta ajiye tiren ta miƙe.

“Ke, haka innar taki ta koya miki? Ƙafa na aiki, sama kamar buhun gawayi?” Ta kama kafaɗun yarinyar ta mayar da su baya, ta ɗaga mata haɓa da yatsa. “Buɗe ƙirjin. Hannun nan daga gwiwar hannu yake tashi. Sake.”

Tahani ta sake.

“Da sauƙi. Gobe in kin je ta ga canji ta tambaye ki, ki ce mata a gida aka gyara miki.”

Ta koma ta ɗauki tirenta.